Mai Ɗaki Shi Ya San Inda Yake Yoyo: Tsakaninmu da Malaman Jami'a

Akwai maganar da ba ta rasa fitowa daga bakin malaman firamare da na sakandare duk lokacin da suka dawo daga taron bita: "Mutanen nan ba su san aji ba." Waɗanda ake nufi su ne shehunan malamai da daktocin da akan ɗauko daga jami'o'i da kwalejojin ilimi domin su koya mana yadda ake koyarwa. Sukan yi bayani mai daɗin ji a kan raba yara rukuni-rukuni, da bai wa kowane yaro kulawarsa, da auna fahimtarsa a kai a kai. Masu sauraro kuwa hankalinsu na kan ajin da suka baro, inda yara fiye da 100 ke zaune a ƙasa, rabinsu ba su da fensir, allon bango ya koɗe har alli ba ya kama shi. A ƙarshe a raba takardar shaida da ɗan alawus, kowa ya kama gabansa, ranar Litinin a ci gaba daga inda aka tsaya.

Wannan ƙorafi tsoho ne, kuma ba mu kaɗai ke yin sa ba. Manomi yana yi wa masanin aikin gona, makanike yana yi wa injiniya, ɗan kasuwa yana yi wa masanin tattalin arziki. Abin da suke faɗa ɗaya ne, wato mai dogon karatu ya san littafi amma bai san rayuwa ba. A ganina ƙorafin namu yana da tushe, kuma lokaci ya yi da za mu fito da shi daga ɗakin malamai mu kawo shi fili. Sai dai ina so 'yan uwa su lura da cewa yawan karatu ba shi ne ya nesanta jami'a da aji ba. Abin da ya nesanta su shi ne yadda aka tsara aikin malamin jami'a da irin abin da ake saka masa a kai. Abin da tsari ya ɓata kuwa, tsari na iya gyara shi. Hujjata ita ce an taɓa gyara irin wannan ɓaraka a ƙasar nan, a fannin noma.

Darasin Samaru

Tun 1922 ake binciken aikin gona a Samaru ta Zariya, kuma da aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 sai tashar ta zama Cibiyar Binciken Aikin Gona a ƙarƙashinta. Shekaru da dama shawarar da masana ke bai wa manomi ita ce ya ware kowane amfani da gonarsa: dawa ita kaɗai, gyaɗa ita kaɗai, auduga ita kaɗai, a shuka a jere kuma a kan lokaci. A gonar gwaji an ga cewa haka ya fi ba da amfani. Manomi kuwa ya ci gaba da abin da ya gada, yana shuka gero da ruwan fari, ya sa dawa a tsakani, daga baya ya bi da wake. Malaman gona suka yi ta faɗa, shi kuma yana cewa "to", yana ci gaba da abinsa. Hukuncin da aka daɗe da yankewa a ofis shi ne manomi yana da taurin kai, ba ya son ci gaba.

A tsakiyar shekarun 1960 wani masanin tattalin arzikin noma na jami'ar, mai suna David Norman, da abokan aikinsa suka bi wata hanya dabam. Maimakon su ƙara yawan wa'azi, sai suka zaɓi ƙauyuka uku a ƙasar Zazzau, wato Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi, suka sa ma'aikata suna bin gidajen manoma a kai a kai har shekara ta zagayo. Ana rubuta wanda ya je gona, da aikin da ya yi, da tsawon lokacin da ya ɗauka, da abin da aka girbe, da abin da aka sayar.

Abin da lissafin ya nuna ya juya maganar gaba ɗaya. Gaskiya ne idan aka haɗa gero da dawa da wake, kowannensu ba ya kai abin da zai bayar da a ce shi kaɗai ne a gonar. Amma idan aka tara darajar duk abin da eka ɗaya ta bayar, gonar da aka gauraya ita ce a gaba. Ta kuma fi tabbas, domin idan ruwa ya ɗauke da wuri dawa ta gaza, gero ya riga ya shiga rumbu. Binciken ya kuma nuna cewa babban abin da ke takura manomi shi ne ƙarancin hannun aiki a watannin Yuni da Yuli, lokacin da ciyawa ke tsere da hatsi. Nan ne amsar wata tambaya da ta daɗe tana damun masana ta fito. Sun yi ta cewa a shuka auduga da wuri, manomi kuma yana jinkirtawa sai ya gama da gonar abinci. Dalilinsa a fili yake: wanda ya bar ciyawa ta cinye gonar hatsi saboda auduga zai sami 'yan kuɗi a kaka, amma gidansa zai rasa tuwo.

Shawarar masana daidai take a gonar gwaji, inda akwai lebura da taki da maganin ƙwari. Manomi kuma daidai yake a gonarsa, inda shi da 'ya'yansa ne kawai masu riƙe fartanya. Abin da ya ɓace a tsakani shi ne tambaya. Da aka yi ta, sai akalar bincike ta fara juyawa, aka soma gwada sababbin iri da dabaru a gonakin manoma da kuma cikin gauraye. Aikin na Samaru yana cikin waɗanda suka haifar da tsarin binciken da ke farawa daga gonar manomi, wanda daga baya ya bazu a ƙasashe da dama.

Namu ajin gwajin

Mu ma a harkar ilimi muna da gonar gwaji da gonar manomi. Gonar gwajinmu ita ce ajin da ke cikin littattafan koyon malanta da kundin manufar ilimi ta ƙasa: malami ɗaya ga yara 35, kowa a kan benci, kowa da littafinsa, duk sa'o'in juna, duk sun zo ranar da aka buɗe makaranta. Gonar manomi kuwa ita ce ajin da muke shiga kowace safiya. A cikinsa akwai ɗan shekara 6 da ɗan shekara 11. Akwai wanda ya fito daga makarantar allo, ya iya haɗa baƙi da wasali amma bai taɓa ganin rubutun boko ba. Akwai yarinyar da za ta sulale kafin a tashi domin farantin talla na jiran ta. Ranar kasuwar gari aji yakan ragu, lokacin kaka ya ƙara raguwa, sannan yaran su dawo su tarar an wuce su.

Kamar manomi, malami ma ya ƙirƙiro dabarun zama da wannan hali. Yakan yi bayani da Hausa sannan ya maimaita da Turanci. Yakan sa yaran da suka gane su ja waɗanda ba su gane ba. Yakan sa aji ya riƙa amsawa baki ɗaya. Yakan maimaita darasin ranar kasuwa washegari, ko da jadawali ya ce a wuce. Idan mai duba makarantu ko mai gabatar da bita ya ga haka, sau da yawa sunan da yake ba shi ke nan: saɓa wa ƙa'ida.

Ba ina cewa duk dabarun nan daidai ba ne. Wasu na iya zama kamar gaurayen gero da dawa, hikimar da ba a gane ba tukuna. Wasu kuwa illa ce da ta zama jiki. Amshi baki ɗaya, alal misali, yana sa aji ya yi kama da mai karatu, alhali yaro na iya shekara uku yana bin muryar 'yan uwansa ba tare da ya gane harafi ɗaya ba. Gwaje-gwajen karatu da aka yi a jihohin Bauci da Sakkwato a farkon shekarun 2010 sun nuna cewa mafi yawan yaran ƙananan azuzuwan firamare da aka gwada ba su iya karanta ko kalma ɗaya ta Hausa ba. Da ba a zaunar da yaran ɗaya bayan ɗaya an miƙa musu takarda ba, da amshi ya ci gaba da rufe wannan rami. Saboda haka muna bukatar mai bincike da zai zauna a bayan aji daga farkon zango har ƙarshensa, ya rarrabe mana aya da tsakuwa. Wanda muke yawan gani kuwa shi ne mai kawo takardar tambayoyi da safe, ya roƙi a cike masa kafin tashi, ya tafi ba a sake jin ɗuriyarsa ba.

Rashin tambayar mai ɗaki ya jawo wa ƙasar nan asara mai yawa. Manyanmu a wannan aiki suna tuna lokacin da aka fara tsarin 6-3-3-4 a farkon shekarun 1980. Manufar kyakkyawa ce, wato yaro ya fita ƙaramar sakandare da sana'a a hannunsa. Aka shigo da injunan koyar da fasaha daga ƙasashen waje, aka rarraba wa makarantu. Da yawansu sun tsufa a cikin akwatunansu, domin babu lantarki, babu ɗakin aiki, babu malamin da aka horar ya sarrafa su. Kowane hedimasta na wancan lokaci zai iya faɗin haka tun kafin jirgin ruwa ya taso, da an tambaye shi. Haka nan tsarin auna ɗalibi a kai a kai. Malamin da ke da azuzuwa 5, kowanne da yara 80, takardu 400 ne a gabansa duk gwaji ɗaya. Idan kowace takarda ta ci minti 3, sa'o'i 20 ke nan na maki kawai. Wanda bai yi wannan lissafi ba kafin ya rubuta ƙa'ida, shi ne ya buɗe ƙofar cika rajista da makin da ba a auna ba.

Idan kuma abin ya lalace, a wuyan malamin aji ake rataya laifin. A 2017 gwamnatin Jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare jarrabawa, ta ce 21,780 sun faɗi, ta kuma sallame su. Kowa da ra'ayinsa a kan wannan mataki, amma akwai tambayar da ba a tsaya a kanta ba yadda ya kamata. Malaman nan ba daga sama suka faɗo ba, da takardun shaida suka zo. Wa ya koyar da su, wa ya duba koyarwarsu ta gwaji, wa ya sa hannu a kan cewa sun cancanta? Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Me ya kawo nisan?

Kada mu ɗauka jin daɗi ne ya raba malamin jami'a da talaka. Layin mai ɗaya muke bi da shi, kasuwa ɗaya muke ci. A 2022 malaman jami'o'i sun yi wata 8 suna yajin aiki, aka kuma riƙe musu albashi. Mutumin da ya ga haka ya san rayuwa sarai. Nisan da muke magana a kai yana cikin aikinsa ne, kuma dalilansa sanannu ne.

Na farko shi ne ma'aunin ƙarin girma. Malamin jami'a yana hawa daga mataki zuwa mataki ne da yawan maƙalun da ya buga a mujallun masana, musamman na ƙasashen waje. Wanda ya yi shekara yana zaune a ajin firamare na ƙauye yana lura, ko ya rubuta littafin koyon karatu da Hausa, da wuya a ƙidaya masa wannan kamar yadda za a ƙidaya wa wanda ya fitar da maƙalu uku daga takardar tambayoyi ɗaya. Mutum kuwa inda ake biyan sa nan yake zuba ƙarfinsa, mu ma haka muke.

Na biyu shi ne harshe da wurin ajiya. Kowace shekara ɗaliban tsangayoyin ilimi suna rubuta kundaye masu ɗimbin yawa a kan makarantunmu: dalilan faɗuwa jarrabawa, rashin zuwan 'yan mata, ƙarancin kayan aiki. Ana rubuta su da Turancin da ko mai digiri sai ya yi da gaske, a ɗaure su da baƙin bango, a jera a kanta. Makarantar da aka yi binciken a cikinta ba ta samun ko shafi ɗaya, balle iyayen yara.

Na uku shi ne rabuwar mai horar da malami da aji. Shehun malamin da ke koyar da aikin likita yana zagaya marasa lafiya a asibitin koyarwa, ɗalibansa na biye da shi, suna ganin hannunsa a kan majinyaci. Ba wanda zai yarda a ce mai koyar da tiyata ya yi shekara 20 bai riƙe wuƙa ba. Amma mutum na iya kai ƙololuwar matsayi a fannin koyar da yara ƙanana alhali rabonsa da tsayawa gaban 'yan aji 2 tun yana ɗalibi, in ma ya taɓa tsayawa. Tsofaffin kwalejojin horon malamai masu daraja ta biyu, duk da gazawarsu, sun riƙe wannan igiya, domin ɗalibi yana shekaru yana shiga aji a gaban malamansa. Da aka rufe su aka mayar da takardar NCE mafi ƙarancin shaidar koyarwa, an ɗaga darajar karatu, amma a wurare da dama koyarwar gwaji ta zama al'ada kawai. Mai dubawa ya zo sau ɗaya ko sau biyu, ya duba tsarin darasi, ya ba da maki, ya kama hanya. Malamin da ɗalibin ya zauna a ajinsa tsawon makonni, wanda ya fi kowa sanin ko zai iya, ba a cika neman ra'ayinsa ba.

Haɗarin raina ilimi

A nan ne ya kamata mu yi hattara. Daga cewa "ba su san aji ba" zuwa cewa "karatun nasu ba shi da amfani" taki ɗaya ne, kuma wanda ya yi wannan taki ya sari reshen da yake zaune a kai. Kalmar "ilimin takarda" da muke jifan jami'a da ita, da ita wasu ke jifan mu. Mahaifin da ya cire ɗansa daga makaranta ya kai shi tasha, hujjarsa ke nan. Mai mulkin da ke son rage kasafin ilimi ma ba abin da ya fi so kamar ya ji malamai suna raina junansu.

Samaru ɗin da ta koya mana sauraron manomi ita ce kuma ta nuna iyakar sanin manomi. A 1975 wata cuta da ƙananan ƙwari ke yaɗawa ta auka wa gyaɗa a arewacin ƙasar nan, ta ƙanƙance ganye, ta hallaka gonaki masu yawa. Gogewar shekaru ba ta ba manomi maganinta ba. Masu bincike ne, bayan dogon aiki na haɗa iri da gwaji, suka fitar da irin gyaɗa mai jure cutar. Irin da ake kira SAMNUT da SAMSORG da SAMPEA, waɗanda ke gonakin 'yan uwanmu a yau, sunan Samaru ne a goshinsu. Manomi ya san gonarsa, masani ya san abin da ido ba ya gani, kuma kowannensu yana bukatar ɗan uwansa.

A fanninmu ma akwai shehunan malaman da suka sauko har ƙasa. A 1970 Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa na Jami'ar Ife suka fara wani gwaji a wata makarantar firamare ta Modakeke. Aka koyar da yara dukkan darussa da Yarabanci tsawon shekara 6, Turanci kuma aka koyar da shi a matsayin darasi. Malaman jami'a da malaman firamare tare suka zauna suka rubuta littattafan. Sakamakon ya nuna yaran ba su yi baya ba, har ma sun yi gaba, kuma Turancinsu bai raunana ba. Manufar ilimi ta ƙasa a fitowarta ta farko a 1977 ta ce a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da ake yi a yankinsa. Idan aka daɗe ba a samar da isassun littattafai da horo domin hakan ba, laifin ba na masu bincike ba ne. Sau da yawa masani ya yi nasa, masu riƙe da kuɗi da iko ne suka ajiye rahoton a aljihun tebur.

Tarihinmu ma bai san malamin da ke ƙulle kansa a zaure ba a matsayin abin koyi. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya rubuta littattafansa da Larabci domin malamai, amma ya yi yawon wa'azi a ƙasashen Gobir da Kabi da Zamfara yana magana da mutane da harshen da suke ji. 'Yarsa Nana Asma'u ta yi waƙoƙin karantarwa da Fulatanci da Hausa, ta kuma naɗa mata shugabanni da ake kira jaji, waɗanda ke kai ilimi ga matan ƙauyuka ta hanyar 'Yan Taru. A zamanin kusa kuma, Malam Aminu Kano ya je Landan ya yi karatun aikin malanta, ya dawo ya ci gaba da koyarwa, ya kuma jagoranci kafa ƙungiyar malaman Arewa a 1948. Zurfin karatu bai hana ɗayansu sanin halin jama'a ba. Ya kamata kuma a fahimci cewa ba kowane masani muke kira zuwa aji ba. Mai nazarin taurari ko tsantsar lissafi yana da nasa fagen, kuma amfanin aikinsa na iya ɗaukar shekaru kafin ya bayyana. Kiranmu ga waɗanda aikinmu ne fannin nazarinsu.

Abin da reshenmu zai iya yi

Ƙorafi a ɗakin malamai bai taɓa gyara komai ba. Akwai matakan da ba su fi ƙarfin reshe ɗaya ba, kuma ba sa bukatar jiran Abuja.

Da farko, mu tara tambayoyinmu. Kowace makaranta ta kawo matsala ɗaya ko biyu da ke ci mata tuwo a ƙwarya, a rubuce kuma a fili. Wace hanya ta fi sauri wajen koya wa yara 90 karatu a aji ɗaya? Yaron da ya iya karatun allo, ta ina ya fi dacewa a fara masa boko? A wane aji ne komawa Turanci ba ya kayar da yara? Sakataren reshe ya haɗa su ya miƙa wa tsangayar ilimi ta jami'a da kwalejin ilimi mafi kusa da mu. Kowace shekara ɗalibansu suna neman batun da za su yi kundi a kai. Gara su ɗauki namu da su maimaita wanda aka yi sau hamsin.

Na biyu, mu nemi shugabannin makarantu da hukumomin ilimi na ƙananan hukumomi su gindaya sharaɗi mai sauƙi ga duk mai son yin bincike a makaranta: idan ya gama, ya dawo ya faɗi abin da ya gano a taron malamai ko na iyaye, ya kuma bar shafi biyu da Hausa. Wanda aka buɗe wa ƙofa aka ba shi lokacin yara, wannan ne mafi ƙarancin tukuicin da zai bayar. Wannan mujalla tamu za ta iya ware shafi domin buga irin waɗannan taƙaitattun bayanai.

Na uku, mu sauya salon gayyata. Maimakon a kira shehun malami ya yi lacca a zaure, a roƙe shi cikin girmamawa ya karɓi aji ɗaya na mako guda, malamin ajin na zaune yana kallo, sannan su zauna su tattauna. Idan dabararsa ta yi aiki a cikin yara 100, mun ƙaru da abin da ba za mu manta ba. Idan ba ta yi ba, shi ya ƙaru, ɗalibansa na gobe su ma sun ƙaru. Gani ya kori ji. Na tabbata akwai masu kishi a cikinsu da za su amsa, domin da yawansu daga irin makarantunmu suka fito.

Na huɗu, mu matsa a bai wa gogaggun malaman aji kaso a cikin makin ɗaliban koyarwar gwaji, a horar da su a kan hakan, a kuma biya su. Wannan magana ce da ya kamata uwar ƙungiya ta tattauna da ƙungiyoyin malaman jami'o'i da na kwalejojin ilimi. A wannan zama ɗin kuma sai mu goya musu baya a kan a riƙa ƙidaya aikin da aka yi a makarantu da littattafan da aka rubuta da harsunanmu a cikin ma'aunin ƙarin girma.

Na biyar ya shafe mu kai tsaye. Wanda ke son a saurare shi sai ya zo da hujja. Ma'aikatan da suka bi gidajen Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi ba su da na'ura, littafi da biro ne kayan aikinsu. Kowane malami na iya riƙe rajista ta gaskiya, ya lura da ranakun da yara ke raguwa. Yana iya kiran yara ɗaya bayan ɗaya a farkon zango da ƙarshensa, ya ba kowa minti ɗaya ya karanta, ya rubuta adadin kalmomin da ya iya. 'Yan uwanmu da ke ƙaro karatu a lokacin hutu ko ta Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna su yi kundinsu a kan ajinsu, da alƙaluman da suka tattara da hannunsu. Ranar da malamin aji ya miƙe a taron bita ya ce ga abin da na auna a cikin yara 85 tsawon zango uku, ranar ce za a daina yi masa kallon wanda aka zo gyarawa, a fara yi masa kallon abokin aiki.

Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo, amma sanin wurin yoyo bai isa ya hana ruwa zuba ba, sai an sami mai gyaran rufi, an kuma nuna masa wurin. Yaran da ke zaune a ƙarƙashin wannan rufi 'ya'yanmu ne da ƙannenmu, kuma kowace shekara da ta wuce ana wannan kallon-kallo, wani rukuni ne ke fita aji 6 bai iya karanta wasiƙa ba. Ina roƙon shugabannin reshe su sa wannan batu a ajandar taronmu na gaba, kowane wakilin makaranta kuma ya zo da tambayoyin malamansa a rubuce. Allah Ya ƙara mana ilimi mai amfani, Ya kuma sa albarka a cikin aikinmu.